Kwikwiyon Gadi a Gonar Kaji da Kifi: Yadda Za Ka Raba Shi da Cizon Wasa Tun Kafin Ya Koma Kan Kajinka



Yau za mu ɗan ajiye maganar abincin kaji da canjin ruwan kifi, mu yi maganar kare. Duk wanda ya kafa ɗan ɗakin kaji a bayan gari, ko ya jera tankunan tarwaɗa a wani kango, ba ya daɗewa zai fara tunanin gadi. Ga ɓarawo, ga muzuru, ga gafiya da tunku. Albashin mai gadi kuwa ba kowane ƙaramin mai kiwo ne zai iya ɗauka ba. Shi ya sa da yawanmu muke ƙarewa da ɗauko kwikwiyo. To bayan sati biyu sai ka ji an dawo da kuka: "Malam, kwikwiyon nan ya ishe mu da cizo. Hannu, ƙafa, bakin zani, silifas ɗin yara, ba abin da ya bari. Ya za mu yi?"

Wasu dariya suke yi, su ce ai wasa ne, zai daina. Wasu ma murna suke yi, wai alama ce zai yi zafi in ya girma. Ni abin da na gani a harkar nan shi ne: bakin da ya saba cafkar hannunka yana wata uku, shi ne zai cafki kaza yana wata takwas. A wajensa wasan ɗaya ne, abin wasan ne kawai ya canja. Kai in ya cije ka za ka ce "wash" ka janye. Kaza kuwa fata ce ƙalilan a kan ƙashi, girgiza ɗaya ta ishe ta. Kuma ba sai ya kashe ba kafin ka yi asara. In ya kora kajin nama suka firgita, sai su taru a lungu ɗaya su hau kan juna, na ƙasa su mutu saboda rashin iska. Masu ƙwai kuma in suka tsorata, kwandon ƙwanka ne zai gaya maka a kwanakin da suka biyo baya.

ME YA SA KWIKWIYO KE CIZO?

Na farko, baki shi ne hannunsa. Yadda jariri ke kai komai baki, haka kwikwiyo. Haƙoran nono guda 28 suna fara fito masa tun yana kamar sati uku, ga su da tsini kamar allura. Daga wata uku zuwa huɗu sai ya fara famfara, kafin ya kai wata shida zuwa bakwai haƙoran girma guda 42 sun gama fitowa. A tsakanin nan dasashinsa yana ƙaiƙayi da ciwo, dole ya nemi abin tauna. Ba za ka iya hana shi tauna ba, abin da ke hannunka shi ne ka zaɓar masa abin da zai tauna.

Na biyu, motsi. Kare halittarsa ce ya bi abin da ke gudu. Yaro ya ruga yana ihu, zani yana kaɗawa, ɗan tsako ya gifta yana kuka, duk gayyatar wasa ce a wajensa.

Na uku, wanda mutane suka fi mantawa: gajiya. Ƙaramin kwikwiyo yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a rana. In yara sun wuni suna jagwalgwala shi bai runtsa ba, da yamma za ka ga ya zama kamar mai aljanu, yana tsalle yana cizon duk abin da ya samu. Irin wannan ba horo yake nema ba a lokacin. Kai shi makwancinsa, ka ba shi ruwa, ka bar shi ya yi barci.

MAKARANTAR FARKO TANA WAJEN UWARSA

In ba ka riga ka ɗauko ba, ga shawara: kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika sati takwas ba, ko kyauta aka ba ka. A nan mutanenmu suna gaggawa, da ya buɗe ido ya fara lasar koko sai a raba. Alhali a makonnin nan ne yake koyon ƙarfin bakinsa. Ka tsaya ka kalli 'yan kwikwiyo suna kokawa. In ɗaya ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan zai yi ƙara ya janye, wasa ya tsaya. Sau goma, sau ashirin, har mai cizon ya gane cewa in yana son wasa ya ci gaba, dole ya sassauta. Uwar ma in ya matsa mata tashi take ta bar shi. Wanda aka raba da wuri bai sami wannan darasi ba, aikin duka sai ya dawo kanka.

Akwai wani likitan dabbobi ɗan asalin Ingila da ya yi aiki a Amurka, Dakta Ian Dunbar, wanda ya yi suna a kan tarbiyyar 'yan kwikwiyo. Abin da ya dage a kai shi ne a bi mataki biyu: a fara rage ƙarfin cizon, sannan a rage yawansa har ya daina ɗora haƙori a jikin mutum. Hujjarsa mai sauƙi ce. Wata rana, ko kare ya kai shekara biyar, yaro zai taka masa wutsiya ko ƙofa ta datse masa ƙafa, ya kai cafka don firgita. Wanda ya koyi sassauta baki tun yana ƙarami zai iya taɓa fata bai huda ba. Wanda bai koya ba, sai asibiti.

Na san da yawanmu ba ma son yawun kare ya taɓa mana jiki ko tufafi ko kaɗan. Babu damuwa. In haka ne, kai ka tafi kai tsaye kan dokar "haƙori ba ya taɓa mutum", sassauta bakin kuma ka bar shi ya koya wajen wasa da wani kare mai hankali wanda ka tabbatar an yi masa rigakafi.

YADDA NAKE YI A GONATA

1. Wasa ya mutu nan take. Da haƙori ya taɓa ni da ƙarfi, sai in ce "A'a" sau ɗaya da murya a daidaice, in tsaya cak. Ba na fizge hannu, domin fizgewa ita ce ke ƙara masa kuzari, kamar ka ja zare gaban kyanwa. In ya saki, shi ke nan. In ya sake kawowa, sai in juya masa baya ko in fita in bar shi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan in dawo kamar ba abin da ya faru. Wasu suna cewa ka yi ƙara irin ta kwikwiyo. Yana yi wa wasu karnukan aiki, wasu kuma ƙara haukata su yake yi. Gwada sau biyu, in ka ga ya ƙara zumuɗi, ka bari.

2. Canja masa abin cizo. Kullum in zan shiga wajensa akwai guntun igiya mai kauri da na ƙulla a aljihuna. Kafin bakinsa ya iso hannuna, igiya ta riga ta isa bakinsa. Ya kama, in yaba masa. Lokacin famfara, tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka ƙulla aka sa a firji, ko karas mai sanyi, suna sanyaya masa dasashi. Babbar busasshiyar ganda ma tana ɗauke masa hankali, amma kana kusa, in ta yi ƙanƙantar da zai iya haɗiyewa ka karɓe. Kada ka ba shi tsohon takalmi, ba zai bambance shi da sabon da ka saya jiya ba. Kada ka ba shi dafaffen ƙashin kaza, tsagewa yake ya soke hanji. Haka kan tarwaɗa da ƙayoyin nan na gefenta.

3. Koya masa "Bari". A gonar kaji wannan kalma ta fi kowace daraja. Ka sa ɗan guntun dafaffen nama ko hanta a tafin hannu ka dunƙule. Zai shinshina, ya lasa, ya tona da ƙafa. Kai dai ka yi shiru. Daidai lokacin da ya janye hancinsa, ka ce "Yawwa!" ka ba shi wani guntun daga ɗaya hannun. In ya fara ganewa, sai ka riƙa cewa "Bari" kafin ya kai hanci. Daga nan ka ajiye naman a ƙasa ka rufe da hannu, daga baya ka bar shi a buɗe. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda a zama ɗaya. Da irin wannan hanya za ka koya masa "Zauna", "Zo" da "Saki".

4. Maganin cizon ƙafa. In kana tafiya ya biyo ka yana kama bakin wando, tsaya. Ƙafar da ba ta motsi ba ta da daɗin cizo. Ce masa ya zauna, ka saka masa, ka miƙa masa igiyarsa, sannan ka ci gaba.

5. Doka ɗaya ga kowa. Wannan shi ne inda aiki ke lalacewa. Kai kana hanawa da safe, yaron gona yana kokawa da shi da hannu da rana, yaran maƙwabta suna sa shi ya bi su da gudu da yamma. Tara kowa ka gaya musu: ba a wasa da shi da hannu ko ƙafa, sai da igiya. Yara kuma ka koya musu in ya nufo su, su tsaya ƙyam kamar itace, su harɗe hannu a ƙirji, su daina kallonsa. Kuma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, komai ƙanƙantar karen.

In kowa ya riƙe wannan, cikin 'yan makonni za ka ga ƙarfin cizon ya ragu, kuma yawanci yana raguwa sosai da an gama famfara. Akwai ranar da zai zama kamar ya manta komai. Kada ka karaya, ka koma kan darasin jiya.

ABUBUWAN DA KE ƁATA KARE

Duka a hanci, matse masa baki, danna shi ƙasa, duk suna iya sa ya yi shiru a lokacin. Amma abin da ya koya shi ne hannun mutum abin tsoro ne. Karen da ke tsoron hannu kuwa shi ne ke cizo na gaske ranar da za a yi masa allura ko a cire masa kaska.

Sai masu zuga kwikwiyo da "Kama shi! Kama shi!" a kan akuya ko yaran unguwa, da masu zuba masa barkono a abinci, da masu kulle shi a keji mai duhu wata da watanni wai don ya yi zafi. Ɗan uwa, ka tambayi kanka aikin da ka ɗauko shi ya yi. A ƙaramar gona, aikin kare shi ne ya ji motsin da kai ba ka ji ba, ya yi haushi ya tashe ka, ɓarawo ya san an farga. Wannan kuwa da kansa yake zuwa in kare ya girma ya san nan ne gidansa. Karen da ba ya bambance ɓarawo da mai sarin ƙwai ko yarinyar da aka aiko sayen kifi, masu sayayya zai kore maka, in ma bai ja maka zuwa ofishin 'yan sanda ba. Daga sati uku zuwa kamar wata uku shi ne lokacin da kwikwiyo ya fi saurin sabawa da abubuwa. A nan ne za ka bar shi ya ga mutane iri-iri, ya ji ƙarar janareta da babur da injin ruwa, cikin natsuwa.

Akwai kuma tsohuwar dabarar nan ta ɗaura wa kare mushen kazar da ya kashe a wuya. Kare ba ya haɗa hukuncin yanzu da laifin da ya yi awa biyu da suka wuce. Ƙudaje da cuta kawai ka tara wa kanka.

RANAR HAƊA SHI DA KAJI

A kajin gidan gona, dokata ita ce kare ba ya shiga ɗakin kaji ko da ya fi kowa hankali. Aikinsa a waje yake. Ƙafar da ta zaga unguwa za ta iya kwaso cuta ta shigo da ita, kamar yadda takalmin baƙo ke yi. Amma dole ya saba da ganinsu ta bayan raga, in kuma kana da kajin gida, zabi ko agwagi da ke yawo a fili, to aikin ya ƙaru.

Fara da igiya a wuyansa, daga nesa, bayan ya ci ya ƙoshi ya yi guje-gujensa. Ka lura da jikinsa. In ya kalli kaji ya kawar da kai, yaba masa ka ba shi guntun nama. In ka ga ya ƙura ido, jiki ya sandare, ya sunkuyar da kai yana sanɗa, ce "Bari", ka ja da baya har inda zai iya sauraronka. Kullum ka ɗan matso. Ka fara da manyan kaji masu natsuwa waɗanda ba sa tashi fir da an motsa. 'Yan tsaki su ne na ƙarshe, domin kukansu da gudunsu sun fi komai tayar masa da sha'awa.

Abu mafi muhimmanci: kada ka ba shi damar kora ko sau ɗaya. Kora da kanta lada ce a wajensa, in ya ɗanɗana sau biyu sau uku, cire ta sai an sha wuya. In ba ka wurin, ko dai kaji suna rufe, ko shi yana wurinsa mai inuwa da ruwa. Kuma ka sani, daga wata shida har ya haura shekara kare yana cikin ƙuruciyar samartaka, wanda ka ga ya natsu zai iya tayar da rigima. Manyan karnuka irin su Boerboel da Caucasian ba sa gama hankali sai wajen shekara biyu. Karen gida namu ya fi su juriyar zafi da sauƙin ciyarwa, amma jinin farauta na jikinsa, shi ma sai an sa ido.

Mushen kaza kuma ba abincin kare ba ne. Na san ana ganin kamar rage asara ce, amma ba ka san abin da ya kashe ta ba. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya, a jihar Kaduna, likitocin dabbobi ke nanata cewa a binne mushe da zurfi ko a ƙone. Kare zai ja shi ya zaga gona da shi, ya raba wa sauran kajin abin da ke jikinsa. Fasasshen ƙwai ma in za ka ba shi, dafa shi ka haɗa a kwanonsa, kada ya koyi cewa abin da ke cikin kiret abinci ne.

MASU KIFI, KU MA DA KU

Kada mai tarwaɗa ya ce wannan ba ruwansa. Kwikwiyo mai famfara in ya sami gefen tamfol, tiyon ruwa ko bututun magudana, taunawa zai yi. Huda ɗaya cikin dare ta isa ka wayi gari ruwa ya tsiyaye, kifin wata huɗu yana kwance a busasshen tanki. Wayar injin ruwa kuwa in ya tauna da wuta a jiki, shi kansa ba zai kai labari ba. Ka ɗaga wayoyi sama ko ka zura su cikin bututu, ka kewaye tankuna da raga. Kududdufin siminti mai miƙaƙƙen bango tarko ne, in ya faɗa ba zai iya fitowa ba. Buhunan abincin kifi suna da ƙamshin da ke jan kare, a rufe su a sito a kan katako. Maganin ɓera da muke sawa a siton nan, a sa shi inda bakinsa ba zai kai ba, a kuma kwashe matattun ɓerayen da wuri.

IN CIZON YA HUDA FATA

Cizon wasa ana gane shi: jiki a sake, wutsiya na kaɗawa, ya duƙar da gabansa ya ɗaga bayansa. In kuwa ka ga ya sandare, yana gurnani a kan abinci, ko yana cizo in an taɓa wani wuri a jikinsa, wannan wata magana ce, kai shi wajen likitan dabbobi.

Ga inda ba wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa, kuma kwikwiyo ma yana iya ɗauke da shi, musamman wanda aka tsinto ko aka saya ba a san uwarsa ba. Da alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Saboda haka in haƙori ya huda fata, ko ƙarami ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ma'aikatan lafiya su yanke ko za a fara allura. Kada a tsaya shafa gashin karen ko toka a ciwon. Karen kuma a killace shi a sa masa ido kwana goma, likitan dabbobi ya duba shi.

Rigakafi dai ya fi magani. Allurar haukan kare ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, sannan a riƙa sabuntawa kamar yadda likita ya rubuta a katinsa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu samar da ita, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Akwai kuma allurar da ake farawa daga sati shida zuwa takwas, mai kare shi daga cutar nan ta amai da zawon jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, sai maganin tsutsar ciki. Yadda kake da takardar rigakafin kajinka a manne a bango, ka sa ta karen kusa da ita.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watanni huɗun farko bayan ka kawo shi su ne jarin da za ka zuba, minti goma sha biyar a rana, da igiya a aljihu da guntun nama a hannu. In kana shirin zuba 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi nan da wata uku, kuma kana da niyyar ajiye kare, to fara tanadin makwancinsa da ragar da za ta raba shi da su tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu da asara. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.